Jan Fenti a Bangon Zaurenmu

Me ya hana maigidana zuwa meri, ofishin magajin gari, ya ga takardar nan da idonsa? Zemijan ɗaya, babur ɗin haya, zai hau ya isa. Tun rasuwarsa nake wannan tambaya, ina kuka, ban samu amsa ba. Ni ban yi karatu ba, 'yata ce ke rubutawa, na kuma ce kada ta gyara mini magana.

Layinmu a Zongo, da damina ta sauka ruwa har gwiwa. Sai aka ce meri ta haɗa hannu da wasu baƙi masu taimako, za a shimfiɗa duwatsun pabe a hanya, a haƙa babbar kwata. Sharaɗin baƙin shi ne mutanen unguwa su kafa komite, su faɗi inda kwatar za ta bi. Aka sa maigidana a ciki, tsohon direban babbar mota ne, ana jin maganarsa. Aka sa maƙwabcinmu na tsallaken layi, mai shagon atamfa a kasuwar Misebo, ya zama sakatare don yana jin Faransanci.

Layin ya yi ƙunci, dole a ba da ƙasa. Bayan la'asar maigidana da sakatare suka zauna a ƙofar masallaci gaban liman, suka yarda mu ba da taku biyu, shi ma ya ba da taku biyu. Aka raba goro, aka shafa fatiha. Haka kakanninmu suka yanka filayen unguwar nan, ba a taɓa neman takarda ba.

Da ya shigo gida na ce, "Alhaji, ka je ka sa a karanta maka abin da ya rubuta musu."

Ya ce, "Ke Hajiya, an shafa fatiha kina maganar takarda? Yaushe meri ta ɗauke ki aiki?"

Na ce, "Tun ranar da na auri mai saurin yarda."

Ya yi dariya, ya ce in kawo masa tuwonsa.

Wata safiya ma'aikata suka zo da gwangwanin jan fenti. Suka auna, suka shafa alama a bangon zaurenmu, taku huɗu cif. Bangon sakatare ko ɗigo bai samu ba. Maigidana ya tsallaka ya same shi, ina tsaye a ƙofa ina ji.

Sakatare ya ce, "Alhaji, injiniya ne ya ja layi, ni me na sani?"

Injiniyan kuwa yana nan. Ya zaro takarda ya nuna: komite ya amince kwata ta bi gefenmu gaba ɗaya. A ƙasa ga yatsan maigidana. Ya dangwala shi ne ranar da sakatare ya ce masa takardar waɗanda suka halarci taro ce.

Aka rushe zauren. Nan fatake daga arewa suke sauka tun zamanin mahaifinsa, nan yake shan shayi da abokansa direbobi. Ya koma ƙuryar ɗaki. Ba ƙasar ce ta kwantar da shi ba, kunya ce, wai da yatsansa ya ba da zauren ubansa. Bai ga damina ta gaba ba.

Baƙin nan suna da wata doka, dole a sa mace a komite. Matan layinmu duk suka noƙe. Ina gama takaba na ce a rubuta ni. Aka yi ta zunɗena, wai tsohuwar da ko harafi ɗaya ba ta sani ba. Na zauna musu a kowane taro, ba na magana, ina saurare.

Yanzu aikin ya shiga zango na biyu. Kwatar za ta karya ta bayan gidan sakatare, ta cinye ɗakin da yake ajiye atamfa da rabin tsakar gidansa. Yana so a karkatar da ita. Baƙin sun ce ba a taɓa layi sai kowa a komite ya sa hannu. Kowa ya sa, saura ni.

Shekaranjiya sakatare ya zo da liman. Ya durƙusa, ƙato da shi.

"Hajiya, ki dubi maƙwabtaka."

Na ce, "Wace maƙwabtaka? Kwata ce tsakaninmu, kai ka haƙa ta."

"Iyalina fa, Hajiya."

"Ka kai su shagon Misebo, na ji yana da faɗi."

Liman ya yi gyaran murya ya ce marigayi mai yafiya ne, da yana raye da tuni ya dangwala. Na naɗe hannuna cikin mayafi. Ba zan dangwala ba. Ranar da za su zo da fentin, zan sa a fitar mini da kujera bakin ƙofa, in zauna in kalla har a kai bulo na ƙarshe ƙasa.

Liman yana faɗin abin da ya sani ne. Amma ba ya ɗakin da hantsin nan da maigidana ya cika. Ni kaɗai ce, ina jiƙa masa leɓe da ruwa. Ya kama gefen zanena ya ce, "Hajiya, in sakatare ya zo jana'iza, kada ki bari ya taɓa makarata."