Tsohon Fasfo a Akwatin Mama

Maigidana mutumin kan dutse ne. A wani ƙauye kusa da Pankshin aka haife shi, inda ake hura wuta a ɗaki idan sanyi ya shigo, kuma duk shekarun da ya yi a Dubai jikinsa bai saba da zafi ba. Aikin wayar mota yake yi a wani gareji a Ras Al Khor, ni kuma ina wanki da guga a wani otal. Ɗaki ɗaya muka kama a International City, a hawa na uku. Idan ya dawo aiki ya cire riga, yakan ce shi ba ya roƙon Allah dukiya, sanyi kawai yake roƙo, irin wanda ba na'ura ce ta kawo shi ba.

A shekarar da ta gabaci annoba, wani ɗan Indiya da suke aiki tare ya je hutu ƙasar Jojiya ya dawo da hotuna. Shi ya gaya wa maigidana cewa duk mai bizar zama a nan, in dai ba ta mutu ba, yana iya shiga can ba tare da neman wata biza ba, har kwana casa'in. Mu masu koren fasfo ba mu saba jin irin wannan magana ba. Mun saba da layi da tambayoyi da a ce ka dawo wani watan. Maigidana bai yarda ba sai da ya sa aka karanta masa dokar sau biyu.

Cikin hotunan akwai na wata tsohuwar majami'a ita kaɗai a kan tsauni, ga farin dutse a bayanta. Ya karɓi wannan ya ajiye a wayarsa. Ya ce wurin ya yi kama da gida, in da gida ya yi wanka. Ya ce so yake ya tsaya a can ya yi addu'a ko sau ɗaya, haƙoransa suna kaɗawa.

Daga nan ya fara rubutu. Ya samu bayan wata takardar gareji, duk abin da ɗan Indiyan ya faɗa sai ya rubuta. Tikitin dawowa a buga shi a takarda, kada a dogara da waya. Takardar masauki ma haka. A yi inshorar lafiya. Kada a canja kuɗi da yawa a filin jirgi, na cikin gari ya fi. Safa ƙafa uku kowa. Ƙananan motocin haya ne ke hawa tsaunin, a tafi da safe. Mace ba ta shiga majami'arsu da kai a buɗe, a riƙe ɗankwali. Da ya zo kan wannan ya dube ni ya ce ashe dai a Turai ma ba zan tsira daga ɗaurin kai ba. Muka je babbar kasuwar 'yan Sin da ke kusa da mu muka sayi riguna masu kauri guda biyu, tasa baƙa, tawa ja, mai shagon yana ta kallonmu don a waje rana kamar za ta fasa kwalta.

Ƙofarmu tana kallon ƙofar wata Hajiya 'yar Kano mai harkar kago. Ta fi shekara goma sha biyar tana shiga da fita, babu takardar da ba ta sani ba. 'Yar Filato take ce mini, tana tsokanata wai mu ba mu san miya ba sai gwate. Ita ke aika mana kaya gida duk shekara. Saura mako guda mu tashi, maigidana ya ce ko mu kai wa Hajiya takardunmu ta duba mana.

Ni ce na hana. A gidanmu ba a faɗar tafiya. Mahaifiyata ko kasuwar wani gari za ta, ba ka sani sai ka ga ta ɗaura zani. Ta ce bakin mutane yana riga mutum isa, ko ba su nufe shi da sharri ba. Da wannan na girma, kuma ban taɓa tambayar kaina ba. Na ce masa mu bari sai mun dawo mu kai mata tsaraba. Ya yi dariya ya ce, “To, Madam, yadda kika ce.” Ko a majami'a ba mu gaya wa kowa ba.

Abin da ban haɗa da wannan tafiya ba ko kaɗan shi ne fasfonsa. Wata huɗu kafin nan ya sabunta shi. Da ya kawo sabon, ya miƙo mini su biyun, don ni ke riƙe takardu a gidan. Tsohon an soke shi, na ɗauka ya gama aiki. A danginsu kuwa duk takardar da ta gama aiki gida take komawa, cikin akwatin ƙarfe na mahaifiyarsa, inda katin baftismarsa yake da takardun makarantarsa da na 'yan'uwansa. Na sa tsohon fasfon a ambulan, na tura shi tsakanin turamen atamfa biyu, na liƙe kwalin kayan da za mu aika gida da hannuna. Hajiya da kanta ta rubuta lamba a jikin kwalin, ba ta san abin da ke ciki ba.

Ranar tafiya muka isa filin jirgi da hantsi, rigunan sanyi a hannu. Matar da ke kan kanta ta duba fasfona ta ajiye gefe. Ta ɗauki nasa ta buɗe shafi-shafi har ƙarshe, ta sake farowa. Sannan ta tambaya ina bizar zamansa. A wancan lokacin liƙa ta ake yi a cikin fasfo, tasa kuwa tana cikin tsohon. Ya nuna mata katin shaidarsa na ƙasar. Ta kira wani na gaba da ita, suka yi magana, ya ce bizar da ke cikin fasfon ce hujjar shiga can, in babu ita ba za su iya ɗaukarsa ba. Ba su yi mana wulaƙanci ba. Matar ma ta ce in tsohon yana gida a yi sauri a ɗauko, akwai sauran lokaci.

Maigidana ya juyo ya dube ni. Na gaya masa inda yake. Sai ya juya ga matar ya ce da Turanci shi ne ya manta. Ta ce ni zan iya tafiya in ina so. Na girgiza kai.

A bas muka dawo. Ya rungume rigunan biyu a cinyarsa, yana kallon taga. Na jira ya yi faɗa, bai yi ba. A bakin bene muka haɗu da Hajiya, ta ga akwatuna ta tsaya. Da ta ji labarin ba ta tsokane ni ba, abin da ya fi yi mini ciwo ke nan. Ta ce, “Haba ƙanwata, taku uku ne tsakanin ƙofarki da tawa. Ai roba ake sa wa a ɗaure tsohon da sabon.” Ta ɗauki akwati ɗaya ta taya mu hawa.

Kwana shida na hutunsa a ɗaki ya yi su. Rana ta biyu ya ƙure na'urar sanyi, ya sa baƙar rigar, ya zauna bakin gado ya ce in kawo masa shayi, ga shi a kan tsauni. Na yi dariya don na ga yana so in yi. Na so in ce masa ya yi haƙuri, da baki, ba da shayi ba. Kullum sai in ga kamar in na tayar da maganar zan sake ɓata masa rai, sai in bari.

Bayan wasu watanni aka sabunta masa bizar zama, aka liƙa ta a sabon fasfo. Ya ciro takardarsa ya ƙara layi ɗaya a ƙasa, ya ce bana ba mai hana mu. Sai annoba ta zo, jirage suka tsaya. Da aka fara buɗewa, aiki ya yi musu yawa, hutu ya gagara. A farkon shekarar da ta biyo ya yanke jiki ya faɗi a gareji, zuciya ce, kafin in iso asibiti ya cika.

'Yan majami'armu suka tsaya aka kai shi gida. A wannan karon na tattara kowace takarda na ƙwanƙwasa ƙofar Hajiya tun kafin a sa ranar tafiya. Ta zaunar da ni, ta jera su ɗaya bayan ɗaya, ta sa musu roba.

A ƙauye fasto ya nemi katin baftismarsa. Mama, mahaifiyarsa, ta jawo akwatin daga ƙarƙashin gado ta ce in buɗe, idonta ba ya gani sosai. Ambulan ɗina ne a sama, ba a ko yage shi ba. Na buɗe fasfon. Ga bizar nan da ɗan hotonsa, ya ɗaure fuska yadda ake cewa a yi. Mama ta tambaya wace takarda ce na daɗe a kanta. Na ce tsohon fasfonsa ne, wanda na aiko. Ta ce Allah ya yi mini albarka, ni mai adana kaya ce.

Ban gaya mata ba. Da safen nan akwai sanyi sosai, irin wanda yake roƙo. Takardarsa ta gareji tana jakata, na ciro ta don in haɗa da fasfon, sai na karanta layin ƙarshen da ya ƙara, wanda ban taɓa dubawa ba. Ya rubuta: “A nuna wa Hajiya.” Na ninke ta na sa a tsakiyar fasfon, na mayar cikin akwati, na miƙa wa Mama katin.