Makullin Sabar da Aka Ba Ni Amana

Ba zan faɗi sunana ba. Mutanen Nima da suka san ni za su gane ni kafin su kai rabin labarin nan, wanda bai san ni ba kuwa sunan ba zai ƙara masa komai ba. Da ku matasa nake magana, musamman waɗanda Allah ya ba hannu a kwamfuta.

A wani gidan haya da ke bayan kasuwar Nima, a nan birnin Ankara, aka haife ni. Babana ya rasu ina ƙarami, Mma ce ta riƙe mu da sayar da tuwo da miyar ayoyo a bakin titi. Ban tashi da ɗauke-ɗauke ba. Da na gama sakandare babu halin ci gaba, sai na samu aiki a wani shagon intanet a Kawukudi. Mai shagon Malam Isifu ne, dattijo mai ciwon suga, mai sanyin magana. Baba nake ce masa, shi kuma ya ɗauke ni kamar ɗan cikinsa.

Da wayoyin hannu suka kashe kasuwar shagon, sai Baba ya canza sana'a. Ya yi hayar saba a ƙasar waje, wato babbar kwamfutar da ake ajiye shafukan intanet da akwatunan imel a cikinta, yana yanka wa mutane wuri. Akwai makarantun Islamiyya, da masu kai mutane Umara, da wani ƙaramin asibiti, da 'yan kasuwa. Ba mu taɓa ganin sabar da idonmu ba. Ta wani shafi muke shiga, fanel muke ce masa, kuma duk abin da ke cikin sabar daga nan ake taɓa shi. Baba ne ya koya mini. Idan faifai ya cika, in share tarkacen da ya taru. Idan takardar tsaron wani shafi ta ƙare, in sabunta ta kafin masu shiga su fara ganin gargaɗi. Idan shafi ya faɗi, in duba rajistar kurakurai in gano inda ya karye, in abin ya gagara in dawo da shi daga kwafin da muke ajiyewa kowane mako. Na iya aikin, kuma ina son sa. Ranar da idonsa ya fara gajiya da ƙananan rubutu, ya rubuta mini babbar kalmar sirri a takarda, wadda ke buɗe asusun kowa. Ya ce in haddace in ƙona takardar. Bai ƙara ko kalma ɗaya ba, don bai ga dalilin yi mini wa'azi ba.

Ɓarnata ta fara ne daga abin da ko suna ba shi da shi a lokacin. Cikin masu hulɗa da mu akwai Hajiya Memuna ta Mamobi, shugabar wata ƙungiyar mata masu haɗa man kaɗanya. Matan suna can arewa suna tsintar ƙwara suna daka, ita kuma tana nan Ankara tana nemo masu saye a ƙasashen waje. Wata rana ta kira ta ce wasiƙu sun daina shigo mata. Na duba fanel, akwatinta ne ya cika. Na ƙara mata wuri, minti biyu aikin ya ƙare. Amma sai na ce bari in buɗe akwatin in tabbatar wasiƙa na shiga. Ta shiga. Maimakon in rufe, sai na karanta ta. Na karanta ta biyu.

Ban ɗauki komai ba ranar, da haka na lallashi kaina. Daga nan abin ya zama mini kamar shan ataya. Duk lokacin da aiki ya yi sauƙi sai in zaɓi akwatin wani in shiga. Na san wanda aka hana biza, na san malamin da ke neman wani aikin a ɓoye, na san sakamakon gwajin jinin wani mutum kafin matarsa ta sani. Ranar Juma'a sai in tsaya sahu ɗaya da su, mu yi musabaha, ina murmushi da sirrinsu a hannuna. Wallahi har yanzu idan na tuna wannan musabahar sai in ji kamar in nutse.

Da yamma nakan zauna a bes ɗinmu, inda samarin layi ke dafa ataya suna gardamar ƙwallo. A nan ne bakina ya ja mini. Na yi alfahari cewa babu sirrin wani babba a unguwar da ban sani ba. Razak yana wurin. Tare muka yi makarantar allo, amma kowa ya san ya zama ɗan sakawa, masu damfarar mutane ta intanet. Da aka watse ya biyo ni.

"Chale, abokina, kana zaune a bakin rijiya kana kukan ƙishi," in ji shi. "Ɗaki ɗaya kawai nake so a gidan nan naku. Ƙaramar folda a cikin sabar. Wa zai lura?"

Na ce masa sabar ba tawa ba ce.

"Chale, Turawa ne za su faɗa tarkon, ba 'yan Zango ba. Babu wanda ka sani da zai yi kuka."

Kwana uku na yi ina juya maganar, a na huɗu na buɗe masa. A ƙarƙashin shafin wata makarantar Islamiyya na ɓoye foldar, don na san ba sa duba komai. Shafin banki na bogi ya zuba a ciki. Ya turo mini kuɗi ta waya, na sayi sabuwar waya da takalmi, na ce wa Mma kyauta ce daga wani da na yi wa aiki. Ta sa mini albarka.

Ba a yi wata biyu ba aka sa sabarmu a jerin masu aika wasiƙun damfara. Duk wasiƙar da ta fita daga wurinmu sai a dawo da ita. Asibiti ya kira, masu Umara suka kira, wayar Baba ba ta huta ba tun safe. Ya zauna kusa da ni yana share gumi yana cewa, "Duba mana, ɗana, duba mana." Na san inda ciwon yake tun kafin in taɓa kwamfutar, amma sai da na ɓata awa uku ina buɗe rajista ina rufewa kamar mai nema. Sannan na nuna masa foldar na ce wasu 'yan kutse ne daga waje suka shigo ta tsohuwar manhajar makarantar. Na share ta, na rubuta takardar neman a cire mu daga jerin. Da komai ya daidaita, Baba ya dafa kaina, ya yi mini addu'a mai tsawo a gaban wani baƙo, ya ce da ba don ni ba da sana'arsa ta mutu. Na sunkuyar da kai na ce amin.

Mai hankali da ya tsaya a nan. Ni kuwa abin da na koya shi ne ba a kama ni.

Ni da bakina na ba Razak labarin Hajiya Memuna. Na riga na karanta cewa wani kamfani a waje ya karɓi kwantena guda ta man kaɗanya, saura biya. Na shiga fanel na sa duk wasiƙar da ta shigo mata a aika wa Razak kwafi, na kuma sa wasiƙun kamfanin su ɓace kafin ta gan su. Shi kuma ya buɗe adireshi mai kama da nata, harafi ɗaya ne bambancin, ya rubuta musu cewa ƙungiyar ta canza banki. Suka biya can.

Bayan mako biyu Hajiya ta zo ofis da rana tsaka, ta hawo matakala tana haki, da takardu a cikin leda. Ta ce mutanen sun rantse mata a waya sun biya, ita kuma ba ta ga komai ba, ga mata suna kiran ta daga arewa kullum, damina ta kawo kai, ba su sayi taki ba. Ta jawo kujera ta zauna daf da ni.

"Ɗana, kai ne ka san abin nan. Ni ko Turancin ban iya sosai ba. Duba mini don Allah."

Tana zaune, kafaɗarta na taɓa tawa, na shiga fanel na goge umarnin da na sa. Tana kallon allon, ba ta san me take kallo ba. Na ce mata daga wurinmu komai lafiya, wataƙila daga can ne aka yi musu kutse. Ta ce Allah ya yi mini albarka da na ɓata lokacina. Da za ta tafi har ta aiko mini da wace, wato shinkafa da wake, daga mai abincin da ke ƙasan benenmu. Na ci.

Kamfanin ne ya kai ƙara, bincike ya biyo har sabarmu. Da yake sunan Baba ne a kan komai, shi 'yan sanda suka zo suka ɗauka. Ina tsaye aka fita da shi, hularsa a hannu, 'yan layi sun fito suna kallo. Kwana huɗu ya yi a tsare, mutum mai ciwon suga, ni kuwa ban buɗe baki ba. Har abinci na kai masa. Ta tsakanin ƙarafa ya riƙe hannuna ya ce, "Ka kula da saba, kada shafukan mutane su faɗi saboda ni."

Da aka ba da belinsa bai je gida ba, ofis ya wuce. Ya ce in je in huta. Ashe ya ɗauko kwafin makon da abin ya faru ne, ya buɗe shi, yana bin sa layi-layi da tabarau biyu a hanci. Abin da na goge a fanel yana nan a cikin kwafin, da ranar da aka sa shi, da sa'ar, da inda aka shigo. Bayan la'asar ya kira ni. Ya juyo da allon wajena.

"Idona ba ya gani sosai," ya ce. "Karanta mini wannan layin."

Na karanta. 

"Ranar ina asibiti. Mu biyu ne muke da makullin. Ko akwai na uku?"

Na ce babu. Na jira ya zage ni ko ya mare ni, da ya fi mini sauƙi. Sai kawai ya cire tabarau ya ajiye. Daga baya ya ce in tashi mu je ofishin 'yan sanda tare, da ƙafata.

Razak ya ɓace tun kafin a neme shi, har yau ban san ƙasar da yake ba. Ni na amsa laifina a kotu, aka yanke mini shekaru. Ba zan cika ku da labarin kurkuku ba. Akwai cunkoso, akwai ƙaiƙayi, akwai yunwa, amma jiki yana sabawa da waɗannan. Abin da ban saba da shi ba shi ne labarin da ke iso ni daga waje. Mutane sun kwashe shafukansu daga wurin Baba ɗaya bayan ɗaya, har ya rufe ofis. Ƙungiyar Hajiya ta watse, wasu matan ma sun ce ita ce ta ci kuɗin. Mma ta daina fita da tuwo, don ba ta iya jure yadda masu saye ke yin shiru idan ta ɗago kai. Sau ɗaya ta zo ganina. Ba ta yi faɗa ba. Ta tambaye ni ne kawai ko wayar nan da takalmin da ta sa wa albarka daga ciki suke. Na ce e. Ta gyara mayafinta ta tafi.

Da aka sake ni, wurin Baba na fara zuwa. Na same shi a ƙofar gida a kan benci, ya rame, idon ya kusa tafiya gaba ɗaya. Na durƙusa na faɗi abin da na zo faɗa. Ya ce, "Na yafe maka tun kana ciki, don ina so Allah ya yafe mini nawa. Amma ka sani, duk wanda ya tambaye ni ko ya ba ka makullinsa, gaskiya zan gaya masa." Na ce haka ya dace.

Yanzu met nake, wato yaron mota, a trotro ta haya, ina rataye a ƙofa ina kiran Nima, Mamobi. Ilimin yana nan a kaina, babu mai ba ni ko wayarsa in riƙe masa. Sau biyu na je gidan Hajiya Memuna, aka ce ba ta nan, alhali ina jin muryarta a tsakar gida. Sai wata safiya ta shigo motarmu ba ta lura da ni ba. Da na zo karɓar kuɗi muka haɗa ido. Ta miƙo, na ce, "Hajiya, ki bar shi." Ta kama hannuna ta danna kuɗin a ciki.

"Karɓi," ta ce. "Na mai mota ne. Har yanzu ba ka daina kyauta da abin da ba naka ba?"

 Na karɓa, na ba ta canjinta, na juya fuskata waje har ta sauka.

To, ƙannena, ga abin da zan ce muku. Idan aka ba ku kalmar sirrin wani don gyara, ku gyara abin da aka ce, ku fita. Kada ku buɗe abin da aikin bai buƙata ba, ko da kun tabbata babu mai gani. Kada ku kai sirrin aiki bes. Duk wanda ya ce muku wanda za a cuta yana nesa, ƙarya yake yi, ni waɗanda na fi cuta duk ina iya zuwa gidajensu da ƙafa. Idan kuma kun riga kun taka, ku je yau ku faɗa da bakinku, tun ana iya gyarawa. Ni na samu wannan damar sau uku, na ƙi. Ina roƙon Allah gafara, ina kuma roƙon ku kada ɗayanku ya zo ya same ni a inda nake tsaye.