Kujerar Inna a Gefen Babur

Ni mutum ne mai son ganin cikin abu. Tun ina yaro, in aka ba ni rediyo sai na kwance shi kafin in saurare shi, kuma wannan halin ne ya mai da ni mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki, wadda kowa a nan Makka ke ce wa mukayyif. Shi ne kuma ya hana ni wucewa ranar da na ga wani babur mai akwati a gefe a kasuwar tsofaffin ababen hawa ta Jidda. Kore ne, ya ɗan kwana biyu, ƙafarsa uku, akwatin kamar bahon wanka da aka sa wa kujera. Na durƙusa ina leƙen yadda aka ɗaure shi da jikin babur ɗin, kafin in miƙe Inna ta faɗo mini a rai.

Inna ita ce mahaifiyata. Tun da aka rushe layinmu na Jarwal muka koma wani gida a kan dutse, lungun da mota ba ta shiga. Gwiwoyinta sun daina ɗaukarta, don haka ta shekara biyu ba ta sauko ba sai in asibiti za a kai ta, a kinkime ta a kan kujera, abin da ta tsana. Ga aminiyarta, wadda suka baro Kano tare suna amare, tana kwance ba lafiya a gidan 'yarta can ɓangaren Jarwal da ya rage. Kullum sai ta aiko a ce wa Inna ta zo su gana. Na auna faɗin babur ɗin da igiyar awona, na san zai shiga lungunmu, na saye shi.

Ba a mayar da istimara, wato takardar mallaka, zuwa sunan mutum sai da inshora. Mu nan ta'amin muke cewa. Ana iya yi ta waya, amma ni ban iya sayen abin da ban yi masa tambayoyi ba, sai na tafi wani ƙaramin ofishi. Mutumin da na tarar sa'ana ne, mai furfura a gemu, Bahaushe daga zuriyar waɗanda suka biyo ta Sudan. Ya kalli hoton babur ɗin ya daɗe.

"Ya zol," in ji shi, irin kiran da 'yan Sudan ke yi wa mutum, "wannan babur ne ko mota ce ba ta gama girma ba?"

Na ce ai abin da na zo tambaya ke nan. Ya ce a wurinsu babur ne, tunda haka istimara ta ce, amma sai ya tabbatar akwatin daga kamfani ya zo da shi, ba wani mai walda ya liƙa ba. In na walda ne, in ji shi, takarda ba ta san da shi ba, ba ta kuma san da wanda ke zaune a ciki ba. Wannan ya ba ni mamaki ƙwarai, a ce mutum na zaune da ransa amma takarda ba ta ganinsa. Na fita na ɗauko masa hoton lambar da ke jikin akwatin, ya duba ya ce tayyib, ba matsala, na kamfani ne.

Daga nan ya shimfiɗa mini iri biyu. Akwai mai araha, wanda in ka buge wani shi za a gyara wa, kai ka ji da kanka. Akwai kuma shamil, wanda ya haɗa har da abin hawanka, kuma kana iya ƙara masa wasu abubuwa ɗaya-ɗaya, kamar kula da fasinja in ya ji rauni. Na tsare shi da tambaya. In akwatin ya gogi bango babur bai taɓu ba fa? In kayan aikina ne a ciki ba mutum ba? In ambaliyar ruwan sama ta gangaro daga dutse ta tafi da shi yana ajiye? Sai da ya aika aka kawo mana shayi, ya ce shekararsa goma sha a kujerar nan bai taɓa ganin mai sayen ta'amin kamar mai neman aure ba. Na zaɓi shamil, na ce a sa na fasinja, don Inna ce dalilin komai.

"Wa zai riƙa tuƙawa?" ya tambaya.

"Ni kaɗai," na ce, har da buga ƙirji.

Na hau da babur ɗin har ƙofar gida ina jin kaina, maƙwabta suka fito kallo. Matata ta shiga ta gaya wa Inna, ta jima, ta fito tana danne dariya.

"Ta ce Allah ya sa albarka, abu ya yi kyau. Ta ce in auta ya dawo sai ya kai ta."

Na yi tambayar ambaliya, na yi ta bango, na manta ni ɗan fari ne. Inna irin matan da ce, masu kunyar ɗan fari. Ban taɓa jin sunana a bakinta ba, "wancan" take cewa ko "mai gyara". In tana da magana da ni, sai ta gaya wa wanda ke kusa ko da ina tsaye, ni ma ta nan nake mayar da amsa. Ba ta cin abinci a gabana. Yaranmu da aka haifa nan, waɗanda Larabci ya fi musu sauƙi a baki, suna ganin abin kamar faɗa muke. Ni kuwa na saba har na daina gani, shi ya sa ban taɓa tsayawa na hango ta zaune kafaɗarta na gogar gwiwata muna ratsa unguwa mutane na kallo ba.

Auta, ƙanena, magidanci ne mai 'ya'ya uku, kuma a lokacin yana Mina wajen aikin shirya tantuna, ba zai dawo ba sai bayan Hajji. Duk da haka na koma ofishin na ce a ƙara sunansa. Mutumin ya tambaya ko yana da lasin babur, na ce na mota gare shi. Ya ce to ba ya yiwuwa. Da na gaya masa dalili sai ya kwashe da dariya har yana riƙe tebur, ya ce shi ma ɗan fari ne, tasa uwar har ta rasu "mutumin nan" take ce masa. Ya ce wannan kam babu kamfanin da ke da maganinsa.

Kwana tara babur na ƙofar gida na lulluɓe shi da tsohon bargo. Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Na ji haushin al'adar, na ji haushin Inna, na fi jin haushin kaina. Matata ta yi ta lallashi, ta gaya mata har takarda na yanka musamman dominta, in wani abu ya same ta a hanya kamfani zai kula da ita. Inna ta ce Allah ke kula da mutum, ta ja carbinta. A rana ta tara 'yar aminiyar ta bugo waya ta ce jikin ya tsananta, ta daina cin abinci, sunan Inna kawai take kira.

Washegari da hantsi ina ɗaure kayan aiki sai na ji takun sanda. Inna ce a bakin ƙofa cikin baƙar abayarta, matata na riƙe da ita. Ba ta dube ni ba.

"Ki hau bayansa," ta ce wa matata. "In da magana na gaya miki."

Ban taɓa tunanin wannan ba, ni mai tambayoyi. Muka zaunar da ita, matata ta ɗaura mata hular kwano a kan mayafi tana ta mita wai an kifa mata tukunya. Na gangara a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. Babur mai akwati ba ya kwanciya a kwana kamar sauran, ja yake yi gefe, sai ka riƙe shi da ƙarfi. Duk hanya fuskarta na kallon ɗaya ɓangaren. "Ki ce ya rage gudu," ta ce, alhali masu tafiya a ƙasa na wuce mu. Da muka fito babban titi ta ga dogayen otal-otal a inda gidajen mutanenta suke a da, sai ta daina ba da umarni.

Sun gana. Ni a waje na zauna, amma na jiyo muryoyinsu ƙasa-ƙasa, har da 'yar dariya sau ɗaya. Ta fito bayan azahar idanunta jajur, kuma bayan kwana huɗu aminiyar ta rasu.

A ranar da muka kai ziyarar, da muka dawo ƙofar gida na kashe babur, Inna ba ta yunƙura ta fita ba. Ta zauna tana shafa bakin akwatin.

"Takardar nan da kika ce an yanka mini," ta ce wa matata, "shi mai tuƙin, ta haɗa da shi?"

Matata ta dube ni. Gaskiya mutumin ofishin ya tambaye ni ko a sa na direba, na ce a bar shi, ni lafiyata ƙalau. Na girgiza kai.

"To ki gaya masa ba na ƙara hawa sai ya koma an sa shi." Sannan ta juyo da kanta cikin wannan hular kwanon da ta yi mata yawa, ta dube ni ido cikin ido. "Ka ji ko?"

Shekarata hamsin da biyu a lokacin, amma sai da na sunkuya kamar ina duba taya don kada su ga fuskata. Na ce na ji, Inna. Da safe na riga mai ofishin zuwa, na zauna a kan babur ina jiran ya buɗe.