Talibambam a Cikin Kwanon Maƙwabciya

Ni 'yar masunta ce, a bakin kogin Gashuwa na girma, kuma barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ko an rufe mini ido, in na shafa kifi zan faɗi sunansa. Tarwaɗa sulɓi da gashin baki, kurungu ƙaya uku masu neman yatsa, karfasa faɗi da ɓawo. Ina taƙama da wannan sanin, ba na ɓoyewa.

Shekarar da kogi ya ƙi kawo ruwa, aka turo wani ma'aikacin gwamnati daga kudu, ya kama haya jikin katangarmu da matarsa da 'yarsu mai shekara huɗu. Matar Kirista ce, a bakin teku aka haife ta. Muka saba nan da nan, don ita ma bakinta ba ya hutawa a kan kifi. In mijinta ya je Nguru yakan sayo mata kifin ƙanƙara, sai ta kira ni ta baje shi a faranti. Wannan mai zane a baya na saman ruwa ne. Wancan mai ƙaton ido da haƙora kamar allura daga can ƙasa yake, inda rana ba ta kaiwa. Nakan ce mata mummuna ne kamar mai shi, ta yi dariya ta ce namu duk warin taɓo suke.

Rannan maigidana ya dawo daga wani tafki da ya kusa ƙafewa, da 'yan kifaye rabin ƙwarya. Na ɗiba mata kwano guda. A ciki akwai talibambam biyu. Na gan su sarai: ratsin rawaya, fata mai kaushi, haƙora huɗu haɗe kamar bakin aku. A wajenmu ko yarinyar da ba ta isa ɗora tukunya ba ta san ana feɗe shi, a cire hanta da ƙwai a binne, don guba ce. Ban ce mata komai ba. Na ɗauka raini ne in koya wa 'yar teku gyaran kifi.

Da ransa yakan kumbura kamar ƙwallo, kowa ya gane shi. Waɗannan sun mutu, kumburin ya sace, sun zama kifi kamar kowane. Ta dafa su da ƙwansu, ta tsame wa 'yarta ƙwan saboda ba shi da ƙaya.

Bayan azahar na ji ihu. Yarinyar ta ce leɓenta ya mutu, sannan ƙafa ta ƙi ɗaukarta. Muka saɓa ta sai asibiti, ni da uwar muna gudu ba takalmi. Idonta biyu, tana kallonmu, numfashi na ƙin fita. Ba ta kai la'asar ba.

Har yau ina jin haushin kaina, haushin da bai taɓa sanyi ba.

Ranar da suke ɗaure kaya uwar ta leƙo ƙofarmu, ta rame ƙwarai.

"Yaya," ta ce da Hausarta mai karyewa, "wannan kifi, kin san shi?"

"Na san shi, Madam."

"Tun yana kwano?"

"Tun yana kwano."

Ta gyaɗa kai, ta juya. Mota na jiransu a waje.