Telan da Aka Daina Yi wa Ba'a

Almakashi ake ce masa, ba don ɗinki kaɗai ba, har da bakinsa. Tun yana saurayi ya kafa kekensa a ƙofar shago, inda mai wucewa ba ya tsira. Amma fa yana da ƙa'ida. Yakan ce ba'a ita ce wadda in ka yi wa mutum zai yi dariya ya rama. In ya sunkuyar da kai ya wuce, to izgili ka yi, kuma Allah Ya raba shi da izgili. Shi ya sa bai taɓa yi wa kowa gorin talauci ko na halitta ba.

Abokin karawarsa mai gyaran takalma ne a tsallaken titi, wanda ya laƙaba wa suna Likitan Silifa. Kullum da safe sai sun yagi juna kafin su gaisa.

Sai ciwo ya zo ya shanye masa ɓarin dama, baki ya karkace. Ko da ya dawo shago, ƙanensa ya hau keken. Aka ajiye masa kujera mai laushi, aka ba shi allura da maɓallai don kada ya zauna haka nan. Kowa sai "Sannu Baba, ya jiki?" Har Likitan Silifa, wai shi ma da rusunawa! Wallahi wannan ya fi ciwon ci masa rai. Ya gane ba a yi wa mutum ba'a sai ana ganinsa a cikin mutane, shi kuwa an cire shi da ransa.

Ran nan Likitan ya kawo riga a sa mata maɓallai. Almakashi ya zauna da hannun hagu, da gangan ya jera su a karkace, ja kusa da baƙi, ya kuma ɗinke bakin aljihun ƙam.

"Madalla, Yaya, hannu ya dawo," in ji ƙanen, yana laluben reza don ya farke a ɓoye.

Almakashi ya danne rigar da gwiwa, ya ƙi saki.

Da la'asar mai riga ya zo, ya zura ta. Ya kai tabarau aljihu, tabarau ya faɗi ƙasa. Likitan ya buɗe baki zai ce an gode, sai idonsa ya faɗa cikin na tsohon, ya ga roƙon da ke ciki.

"Kai, Almakashi!" ya daka tsawa. "Ashe kana nan da halinka! Da hannu biyu ma haka kake ɓata wa mutane kaya. Wa ma ya ce maka kai tela ne?"

"Haba Malam, marar lafiya ne fa!" in ji ƙanen.

Tsohon ya ɗaga wa ƙanen hannu ya dakatar da shi. Kafaɗarsa na rawa, rabin bakinsa na dariya, hawaye na zuba a kan allurar. Da ƙyar maganar ta fito.

"Sake faɗa, Likita."