Hannun Baffa Mai Zane

Baffa ƙanin mahaifina ne, kuma tun kafin a haife ni yake zanen gidaje. Ba a jami'a ya koya ba. A ofishin wani mai zane ya fara yana matashi, yana fiƙe fensir da goge teburi, har aka ga hannunsa ya faɗa aka ba shi allon zane. Abokan aikinsa suna ce masa Rula, wai ko babu abin awo layinsa ba ya karkacewa. Ofishinsa ɗaki ɗaya ne a saman wani shagon fenti. Akwai fanka mai kuka, da tsohon allon zane da ya jingine a bango, da kwali cike da naɗaɗɗun takardu, sai teburin kwamfuta a gefen taga. Warin fenti yana hawowa ta matakala, shi kuwa ya ce ya daina ji tuntuni.

Lokacin da zane ya koma kwamfuta, sa'anninsa da yawa sun ajiye aiki. Shi bai ajiye ba. Ya sayi kwamfuta ta hannu, ya zauna gabanta kamar ɗan aji ɗaya, da yatsa guda yana neman harafi, har ya iya. Sai dai tun a farkon nan ta taɓa mutuwa da zanen mutane a cikinta, daga ranar ya daina yarda da ita. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake. Komai nasa yana kan wani ɗan faifan ajiya da yake yawo da shi a aljihun gaba, yana ce masa rumbu. In zai fara aiki ya sunkuya ya soka shi a bayan kwamfuta. In zai tashi, ko da hannu zai wanke, sai ya zare ya mayar aljihu. Mun saba ganin haka har mun daina gani.

Ni kuwa na gama digiri a fannin kwamfuta, na dawo gida ina ta aika takardun neman aiki babu amsa. Baffa ne kaɗai bai taɓa tambayata “yaya ake ciki” ba. Injiniya yake kirana, ya ce in riƙa zuwa ofis in sha iska. Kwamfutarsa ta tsufa tana jan ƙafa, sai na sa masa sabon tsarin kwamfuta mai suna Linux da manhajar zane, ta dawo da sauri. Na kuma saya masa maus marar waya, irin mai ɗan makarɓin saƙo kamar farce da ake sokawa a kafar USB. Ya yi ta juya shi yana dariya.

“Yanzu wannan ba igiya ba komai, ya san inda zai je?”

“Ya sani, Baffa.”

“To ya fi ɗan ajinku hankali.”

Wata da watanni komai lafiya. Daga baya sai kibiyar maus da ke allon kwamfutar ta fara yi masa gardama. Zai ja layi, ta tsaya cak, sannan ta yi tsalle ta wuce inda yake so. Bango ya shiga cikin ɗaki, ƙofa ta fita waje. Ya kira ni. Ya tashi ya ba ni kujera, na zauna na ja maus ɗin, kibiya ta tafi sumul kamar an shafa mata mai. Na sake batir duk da haka. Na goge idon maus ɗin, na sauya shimfiɗar da ake ɗora shi a kai. Washegari ya sake kira.

Babban abokinsa wani magini ne, tare suka yi ƙuruciya, kuma shi ke kawo masa yawancin aiki. Ƙato ne mai murya, Baffa yana ce masa Sarkin Kwaɓa, mu kuma Baba Magini. Duk lokacin da ya hawo ya same ni a gaban baƙin allon umarni sai ya ce, “'Yar nan, wannan Linus ɗin naki ne ya shiga kan na'urar. Cire masa ki mayar masa da irin ta mutane.”

“Linux ne, Baba.”

“Ko ma wane ne. Ba ɗan unguwar nan ba ne.”

Ni ma na zargi tsarin. Na kashe dabarar da ke sa kafofin USB barci don tattalin wuta. Na sabunta komai. Na buɗe bayanan da tsarin ke rubutawa game da na'urorin da aka jona, na bi su layi-layi, babu inda ya nuna makarɓin ya yanke ko ya dawo. Na ari wani maus marar waya a wurin ƙawata na kawo. A hannuna lafiya lau. Baffa ya zauna, ya sunkuya ya jona rumbunsa, ya ja layi, kibiya ta yi tsalle.

Ya jingina da kujera. Sannan ya ɗaga hannunsa na dama ya ɗora a cinya yana kallonsa.

“Injiniya, bar wahalar da kanki. Ba na'ura ba ce.”

Na san abin da yake nufi, duk gidanmu mun sani. Kakanmu, mahaifinsu, ciwon rawar hannu ne ya kwantar da shi. Na tashi na same shi ba ya iya kai kofi baki sai an riƙe masa. Baffa ne ya yi jinyarsa, shi ya fi kowa sanin yadda abin ke farawa.

Inna, matarsa, ta matsa masa ya je asibiti. Likita ya duba ya ce bai ga alama ba tukuna, ya dawo nan gaba a sake gani. Baffa ya riƙe “tukuna” ya watsar da sauran. Ya ce likita lallashinsa yake. Tsoro kuma ya yi nasa aikin: in ya miƙa hannu zai karɓi shayi sai ka ga yana ɗan karkarwa da gaske. Ya daina cin abinci tare da mu. Na sayo maus mai waya na ce ya gwada ko sau ɗaya, ya ce an gama gwaji, ba zai zauna yara suna kallon hannunsa ba. Na kasa barci a kwanakin nan. In na rufe ido sai in ga Baffa a kujerar Kaka, ana riƙe masa kofi.

Ya gaya wa mai gidan da yake haya zai saki ɗakin ofishin a ƙarshen wata. Akwai zanen wata makaranta mai hawa da Baba Magini ya kawo, aiki mafi girma da ya samu a 'yan shekarun nan, ya kai rabi. Ya ce a kai wa wani matashin mai zane ya ƙarasa.

Ranar da za mu kwashe kaya da hantsi muka je. Baffa yana ɗaure takardu da igiya, Baba Magini yana zaune a bakin taga yana kallonsa. Can Baffa ya sa hannu a aljihu ya zaro rumbun ya miƙo mini.

“Ungo. Kwafe wa Sarkin Kwaɓa zanen makarantar ya kai wa yaron.”

Ban taɓa riƙe shi ba sai ranar. Na lura ba tsohon da na sani ba ne, wannan siriri ne, bakin wayarsa shuɗi. Na sunkuya na soka shi a kafar da ke kusa da makarɓin maus, don ita ce a buɗe. Na zauna, na buɗe zanen, na kama maus zan ja shi zuwa inda zan kwafa.

Kibiya ta tsaya. Ta yi tsalle.

Na saki maus ɗin. Ba na'ura na fara tunawa ba, jini na tuna. Mahaifinsa kakana ne. Na ce shi ke nan, ni ma ya same ni, ban ko fara aiki ba. Na kalli hannuna, wallahi rawa yake. Har yau in na tuna wannan ɗan lokacin sai na ajiye abin da ke hannuna.

Ban san me ya sa na sunkuya na zare rumbun ba, wataƙila so nake in miƙa masa abinsa in gudu. Da na ɗago gwiwar hannuna ta ture maus ɗin, kibiya ta zarce sumul. Na kama shi na zagaya allo da shi. Lafiya. Na mayar da rumbun, na buɗe zanen. Tsalle. Na zare. Sumul.

“Baffa,” na ce. “Yaushe ka sayi wannan?”

“Da tsohon ya cika. Mai shagon ya ce wannan ya fi sauri. Me ya faru, ya lalace?”

Sai abin ya dawo mini, wani darasi da aka taɓa yi mana a aji muna hamma. Irin waɗannan kafofi masu sauri, in faifai yana aiki a kansu, suna iya fitar da hayaniyar da ke danne saƙon maus marar waya, musamman in makarɓin yana manne da su. Tsarin ba zai rubuta komai ba, don a wurinsa babu abin da ya yanke. Saƙon ne ke ɓacewa a iska. Duk zuwan da na yi, Baffa yana tashi ya ba ni kujera ne da rumbunsa a aljihu. Ni ban taɓa gwada kwamfutar da rumbu a jone ba, shi kuma bai taɓa aiki da ita babu rumbu ba.

Na yi masa bayani ina haɗa kalmomi. Ya saurara, ya yi ɗan murmushi, ya ci gaba da ɗaure takardunsa.

“Allah Ya yi miki albarka. Ke ma kin koyi lallashi irin na likita.”

Na ga magana ba za ta yi ba. Na juya wurin Baba Magini.

“Baba, hannunka yana rawa?”

“Nawa? Hannun da ke ɗora bulo ba igiya?”

“To zo ka ja mana layi ɗaya. Daga nan zuwa nan.”

Na jona rumbun. Ya zauna, kujera ta yi ƙara, ya rufe maus ɗin da tafinsa gaba ɗaya. Ya ja. Kibiya ta tsaya, ta yi tsalle, layi ya fasa bangon ajin ya fita filin wasa.

“Kai! Wa ya ture ni?”

“Sake, Baba.”

Ya sake. Wannan karon matakala ya raba biyu. Ya ɗaga hannunsa yana jujjuya shi, ya dubi Baffa. “Rula, ciwon naka ana ɗauka ne? Ka shafa mini!”

Baffa ya saki igiyar. Ya matso ya tsaya a bayan kujera. Na zare rumbun na ce Baba ya sake ja, layi ya tafi ɗoɗar. Na mayar, ya karye. Baffa ya ce in sake. Na sake. Ya ce in kuma. Bai gaji ba sai da Baba Magini ya ce shi fa ba a ɗauke shi aikin gwaji ba.

Na sauka da gudu zuwa shagon masu gyaran waya da ke tsallaken titi, na sayo doguwar wayar USB. Na soka ta a wata kafa can nesa da ta rumbun, na jawo bakinta zuwa kan teburi, na sa makarɓin a ciki, na manne shi da salatif kusa da maus. Rumbun yana jone, zanen yana buɗe. Na ja kujera baya.

“Bisimilla, Baffa.”

Bai zauna nan da nan ba. Ya goge tafinsa a riga. Da ya zauna ya ɗora hannu, na ga yatsunsa suna karkarwa, na kau da kai don kada ya ga ina kallo. Ɗakin ya yi tsit sai kukan fanka. Sai na ji maus ya yi ƙas, sannan wani ƙas. Na waiwayo. Bangon ajin ya tashi daga kusurwa ya sauka a kusurwa. Ya ja na biyu. Ya fitar da taga, ya gyara matakalar da amininsa ya farfasa. Kafin ya kai ga baranda hannun ya daina rawa, yana tafiya da saurin da na san shi da shi, har ya fara ɗan gunaguninsa na aiki.

Ni kuka ne ya ƙwace mini, na zauna a kan kwalin takardu na rufe fuska. Baba Magini ya leƙa ta taga ya ƙwala wa mai fenti kira, wai ya hawo ya ga Rula ya dawo.

Baffa bai ɗago ba. Ya zaro wayarsa da hannun hagu ya miƙo mini, na dama yana kan aiki.

“Injiniya, share hawayen. Kira Innarki ki ce a zuba abincina tare da na kowa. In kin gama ki kira mai gida, ki ce ɗakin nan ba a sake shi ba.”

“Yaron da za a kai wa aikin fa?” in ji Baba Magini.

“Ka ba shi haƙuri, ka ce tsohon bai mutu ba. Kai kuma matsa daga taga, kana tare mini haske. Wa ya ce maka a nan ake sa bayan gida, a gaban ofishin shugaban makaranta?”

“Kai ka zana shi a nan!”

“A lokacin ba ni da lafiya,” in ji Baffa, ya ɗauke shi ya kai ƙarshen baranda.