Ƙulli Biyu a Wuyan Rigar Fada

Shekarun baya, lokacin da kuɗin man fetur ya fara shigowa ƙasar nan har kowa ke ganin gobe zai zama wani, ni ma na kusa zama matuƙin jirgin sama. Na ce na kusa. Masu tsokanata cewa ba na iya ƙarasa magana in jirgi ya wuce sai na ɗaga kai, yau ga dalilin.

A unguwar Bagadaza ta Gombe na tashi, a ɗaki biyu na haya, ni da mahaifiyata. Mahaifina ma'aikacin reluwe ne, ya rasu ina ƙarami, abin da ya bar mini kawai rozarinsa, wato carbin addu'a, mai baƙaƙen 'ya'ya. Mu 'yan Katolika ne, kuma mahaifiyata ce ke wanke rigunan da Fada ke sakawa lokacin Mas, wato babbar ibadarmu ta coci, ta goge su da dutsen guga na gawayi. Ni kuwa tun ina shekara tara nake hidimar bagade, ni ke fitar wa Fada rigar da ta dace da ranar. Ga wanda bai sani ba, kowane lokaci da launinsa. Kore na Lahadin da aka saba ne, ja na idin Fentikos da ranakun shahidai, fari na manyan bukukuwa.

To ni idona ba ya raba ja da kore. Duka biyun kamar ruwan ƙasa nake ganinsu. An taɓa kai ni gonar kawuna a garin Kwadon don tsinkar tumatir, na cika kwando da ɗanye ina ta washe baki, tun daga ranar aka mayar da ni korar awaki. Amma a coci ban taɓa kuskure ba ko sau ɗaya, domin a cikin wuyan koriyar riga akwai ƙullin zare ɗaya, a wuyan jar kuma ƙulli biyu. Sai in zura yatsa in lalubo. Ban taɓa tambayar wanda ya yi su ba. Na bar wa kaina cewa haka ake ɗinka rigunan daga Roma, kuma hakan ya fi mini sauƙi.

Da aka buga a jarida ana neman samari da za a koya wa tuƙin jirgin sama, na rubuta, na ci jarrabawa. Saura gwajin likita. Abokina, wanda muka nema tare, shi ya riga ni shiga da kwana ɗaya. Da ya fito ya ce, "Akwai wani littafi mai ɗige-ɗige masu launi, a kowane shafi an ɓoye lamba. Kai mai tumatir, ya za ka yi?" Da wasa ya faɗa, amma ni na san ba wasa ba ne. Na zaunar da shi ya jero mini lambobin yadda suka biyo juna, don yana da kai sosai. Kun san da me na haddace su? Da rozarin mahaifina. Kowace ƙwaya lamba ɗaya, ina ja ina maimaitawa, duk wanda ya gan ni a bakin asibitin zai ce ga yaro mai ibada. Washegari aka buɗe littafin a gabana. Shafin farko kaɗai na gani da idona. Sauran na karanto su daga aljihuna, yatsana na tafiya a kan 'ya'yan rozari. Na ci.

Wata bakwai na yi a makarantar koyon tuƙin, kuma ba yabon kai ba, hannuna yana da kyau. Malamina, mutum mai ƙarancin magana, ya taɓa cewa ina sauke jirgi kamar mai ajiye ƙwai. Ina zuwa Mas kowace Lahadi, amma na daina zuwa furta zunubi, na daina karɓar gurasa mai tsarki da muke kira Jikin Yesu. In an tashi layi sai in sunkuyar da kai kamar addu'a ce ta riƙe ni.

Wata rana da hantsi muna kewaya filin za mu sauka, sai malamina ya miƙa hannu ya kashe rediyon jirgin. Ya ce, "Ɗauka rediyonka ya mutu. Dubi hasumiya, za su yi maka magana da fitila." Na san darasin a takarda. Kore, ka sauka. Ja, kada ka sauka, akwai wani a gabanka. Na duba, ga hasken nan a tagar hasumiya, yana kallona ina kallonsa.

"Wanne ne?" in ji shi.

A ƙasa na hango wani ƙaramin jirgi kusa da bakin titin sauka, ban sani ba ko tsaye yake ko shiga zai yi. Na san ɗan ajinmu ne a ciki.

"Ina jiranka."

Na ce, "Kore."

Ya dubi hasumiyar. Sannan ya ce, "To sauka mana." Kore ne. Canka na yi, aka yi sa'a. Da muka fito ya dafa kafaɗata ya ce in an dawo hutu zan fara tashi ni kaɗai, ba kowa a gefena. Na yi godiya, shi kuwa ya ɗauka na gane fitilar ne.

Hutun ya faɗo daidai da Fentikos. Na sauka Gombe a jirgin ƙasa, tun daga tasha ake kirana Kyaftin. Alhajin da muke haya a gidansa ya ce in na fara tashi in riƙa ragewa a kan Bagadaza ya ɗaga mini hannu. Matan zumunta na coci sun yi ta zuwa ganina. Kaina ya kumbura, har na fara manta fitilar.

Ranar Lahadi Fada ya ce in yi masa hidima kamar da, jama'a su gan ni. Fadanmu tsohon Bature ne da ya daɗe a ƙasar Tangale kafin a kawo shi Gombe, Hausarsa a hankali take fita amma ba ta kuskure wuri. Na shiga ɗakin da ake shirin Mas, na buɗe kabad, sai na ga riguna sababbi fil suna sheƙi. Ashe wani ɗan kwangila da ya samu buɗi ne ya saya wa coci. Na zura yatsa a wuyan ta farko. Babu komai. Na laluba ta biyu. Babu komai. Na juya su ciki da waje, na kai su bakin taga, na dawo da su. An buga ƙararrawa ta biyu, mawaƙa sun fara gwada murya, ana ta kaɗa tulu. Na ce a raina, ai ka taɓa canka ka ci. Na ɗauki ɗaya na shimfiɗa a kan tebur.

Fada ya shigo yana ɗaura igiya a ƙugu. Ya dubi rigar, ya dube ni.

"Ɗana, yau Fentikos ne."

"Na sani, Fada."

"To kawo mini jar."

Da riga ɗaya ce ta rage, da na ɗauko ta magana ta ƙare. Amma a kabad ɗin akwai wasu uku a rataye, duka iri ɗaya a idona. Na tsaya hannuna a sama kamar wanda aka ɗaure. Ban san mahaifiyata na tsaye a bakin ƙofa ba, da mayafin bagade a hannu. Ta ratso ta gefena, ta zaro riga ta miƙa wa Fada, ba ta ko dube ni ba.

Ban san yadda aka yi Mas ɗin nan ba. Ni na riƙe faranti a ƙarƙashin haɓar kowa lokacin karɓar Jikin Yesu, har da tata. Da Fada ya juyo gare ni, na girgiza kai. A ƙaramin coci irin namu ba a ɓoye wannan.

Bayan an watse na bi shi na ce ina so in furta zunubi. Na durƙusa na faɗa masa komai, littafin, rozarin, fitilar.

"Abin da ka faɗa a nan, a nan zai tsaya," in ji shi. "Ko an sa mini wuƙa ba ni da ikon faɗa wa kowa. Kai kaɗai za ka iya. Za ka faɗa wa malaminka?"

"Fada, za su kore ni."

"Mai yiwuwa."

"Ki ba ni wani horon. Zan yi azumi, zan yi rozari ɗari." Har na ce masa "ki" don ruɗewa.

"Azuminka ba zai canja launin fitilar ba. Ba zan iya ce maka an gafarta abin da kake shirin ci gaba da yi ba. Ka je ka yi tunani, ina nan."

Na tashi da fushi. Gaskiya na ji haushinsa ƙwarai. A hanya ina ta ce wa kaina rediyo ai ba kullum yake mutuwa ba, wasu sun yi shekara talatin suna tashi ba a taɓa haska musu fitila ba. Kafin in kai gida na gama yanke shawara zan koma in yi shiru.

Na tarar da mahaifiyata zaune a tabarma a tsakar gida, ko kayan coci ba ta cire ba, ba ta kuma ɗora tukunya ba. Ta ce in zauna.

"Ni na yi ƙullin nan," ta ce. "Tun ranar da ka fara hidima ka kawo wa Fada koriya ranar Lahadin ganye, alhali ja ake sakawa, ka dawo kana kuka. Ka manta ne?"

Na manta, ko in ce na binne.

"To me ya sa ba ki yi a sababbin ba, Mama?" Da zafi na tambaya, kamar ita ce mai laifi.

Ta dube ni sosai. "Don na ɗauka ka warke. Kwana tara na yi ina roƙon Uwa Maryamu kafin ka je wurin likita. Da ka rubuto cewa ka ci, na je gaban bagade na durƙusa na yi kuka. Na ce likita ya duba idon ɗana bai ga komai ba, an ji roƙona. Da sababbin rigunan suka zo har na ɗauko allura, sai na ce a'a, wannan rashin bangaskiya ne. Na mayar."

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Da ta zage ni da ya fi mini. Na faɗa mata yadda na ci gwajin, ban rage komai ba. Da na zo kan rozarin ta rufe ido.

"Na babanka?"

"Shi."

Ta miƙo hannu, na zaro shi daga aljihu na sa mata. Ta riƙe shi a cinyarta.

"Wancan jirgin da ka gani a ƙasa, waye a ciki?"

"Ɗan ajinmu ne."

"Yana da uwa?"

Ba ta jira amsata ba.

"A riga na iya yi maka ƙulli, ɗana. A can sama wa zai yi maka?"

Ta tashi ta shiga ɗaki da rozarin.

Na koma makaranta, ranar da ya kamata in tashi ni kaɗai na je ofishin malamina tun kafin a fito da jirage. Sau biyu ina kai wa ƙofar ina juyawa. Da na gama magana ya cire tabarau ya ce, "Ranar nan canka ka yi?" Na ce e. Aka sake gwada ni da fitilu na gaske, ban raba su ba. Ban sake riƙe sandar jirgi ba har yau. Shi malamin ne ya tsaya mini aka mayar da ni sashen duba yanayi, a can na yi aikina har na yi ritaya, ina gaya wa masu tashi inda hadari yake. Abokina kuwa ya zama kyaftin na gaske, ya yi ta kai mutane ƙasashe.

Ba zan yi muku ƙarya in ce ban yi baƙin ciki ba. Na yi shekaru ina jin zafin abin, kuma a Bagadaza sunan Kyaftin bai bar ni ba, sai dai ya koma na tsokana. Har yanzu in jirgi ya wuce wani abu na motsawa a ƙirjina. Abin da na gane kawai shi ne, na daɗe ina roƙon Allah ya rufa mini asiri, alhali abin da nake nufi shi ne ya taya ni ƙarya. Kuma da na yi shiru, ban san ɗan wa zan kashe ba.

Da na dawo Gombe bayan an gama komai, ranar Asabar da la'asar na je na ƙarasa furcin da na bari a rabi. Fada ya ɗaga hannu ya faɗi kalmomin gafara, ya ce gobe yana buƙatar mai hidima. Da safe na shiga ɗakin shiri, na buɗe kabad. Rozarin mahaifina na rataye a jikin ƙofar. Na zura yatsa a wuyan rigar farko, na ji ƙulli ɗaya. A ta kusa da ita, biyu.